Takardar Babanmu da Mai Gyaran Keken Ɗinki

Babanmu yana da wata 'yar takarda da yake ajiyewa cikin gwangwanin biskit, tare da katunan baftismarmu. Shafi takwas ce, an buga ta da tafireta, babu sunan wanda ya rubuta. An raba ta ne a Kafanchan da ƙauyukan kewaye tun zamanin Turawa, lokacin da ake fafutukar neman mulkin kai. Saboda ita Baba ya sha bulala, ya yi wata uku a gidan yari ina goye. 'Yan doka sun tafi da kwafin da suka samu a ɗakinsa, ba su san Mama ta tura wani cikin rumbun acca ba.

Ranar Lahadi in an dawo daga sujada an ci abinci, Baba yakan ciro ta ya karanta mana. Tana magana a kan aikin tilas na gina hanya, da ɗaukar kayan masu mulki a ka daga gari zuwa gari, da yadda ake turo hakimi daga nesa a ɗora wa mutanen da bai san harshensu ba. Da ita da littafin waƙoƙin coci na koyi karatun Hausa. Akwai layin da Baba ya fi so, in ya zo kansa sai ya ɗaga yatsa: "Baƙo ba ya hawa kan mai gida ya sha guminsa, sa'an nan ya ce a gode masa." Na sha tambayarsa wa ya rubuta. Kullum amsarsa ɗaya ce, wani mutumin kirki. Ni kuwa na riga na zana mutumin a raina: ɗan ƙabilarmu, Kirista, dogo, wanda ya mutu a kurkuku.

Takardar nan ce ta sa na yi taurin kai na ƙi barin makaranta. Ita ta sa a kwalejin horon malamai na tsaya gaban shugabar makaranta na yi magana a kan abincin da ake ba mu, har aka kusa korata. Ina alfahari da ita kamar ni na rubuta.

Baba ya rasu a tsakiyar shekarun saba'in, shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Kafanchan. Gwangwanin ya dawo hannuna. Gonaki kuwa suka koma hannun ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami.

Cikin gonakin akwai wata a bakin rafi, wadda tun ina yarinya wani tsoho Bahaushe yake nomawa. A kasuwar Kafanchan yake da rumfa, yana gyaran keken ɗinki. Yakan zo gonar a kan kekensa na hawa ranar Asabar, da fartanya ɗaure a baya, ya gaisa da Baba a bakin hanya, ya wuce. Yatsu biyu na hannunsa na dama a karkace suke. Ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba.

A wannan shekarar citta ta yi daraja, motoci suna ta zuwa daga Kachia suna kwasa. Baba Ƙarami ya ce yana son gonar rafi. Tsohon ya ce marigayi ne ya ba shi ya noma muddin ransa. Magana ta kai gaban dattawa.

Baba Ƙarami ya same ni a makaranta lokacin tashi. Ya ce, "Ke ce mai boko a gidan nan. Ranar Asabar ki zo da takardar babanki ki karanta wa dattawa. Su ji abin da wana ya sha bulala a kai."

Ban yi gardama ba. Daɗi ma na ji. A ganina ga ranar da takardar za ta yi aikin da aka rubuta ta dominsa.

An zauna da yamma ƙarƙashin mangwaron da ke gefen coci. Dattawa bakwai ko takwas a kan benci, mai unguwa a kujera, mutane tsaye a baya. Tsohon ya zo shi kaɗai, ya jingine kekensa, ya cire takalmi, ya zauna a kan buhun da ya shimfiɗa. Baba Ƙarami ya yi bayaninsa da yarenmu, aka fassara wa tsohon ko da yake yana ji. Sa'an nan aka ce in karanta.

Na miƙe na karanta da muryar da nake yi wa 'yan aji. Na tsallake maganar aikin tilas, na tsallake ta hakimai, na nufi layin nan kai tsaye. Da na zo kan kalmar baƙo sai na ɗaga ido na dubi tsohon, don kowa ya san da wa nake. Na ji mutane a baya suna cewa, "Haka ne! Faɗa masa!"

Tsohon bai motsa ba. Da hayaniya ta lafa, sai ya ce, "Malama, ci gaba mana. Ba nan maganar ta tsaya ba."

Na ce, "Abin da ya shafe mu ke nan, Baba."

Ya ce, "To bari in taya ki." Ya rufe ido, ya ɗauko daga inda na tsaya. Ya kawo layin da ke biye, da na bayansa, inda aka ce manomi da maɗinki da ɗan dako da leburan jirgin ƙasa duk bulala ɗaya ke dukansu, kada su bari a raba su da sunan coci ko masallaci. Ina bin shafin da ido yana faɗa, ko kalma ɗaya bai kuskure ba. Ya shiga shafi na biyar bai tsaya ba.

Wani dattijo ya ce, "Kai ma ka taɓa samun takardar ke nan?"

Tsohon ya buɗe ido. Ni ya duba, ba dattijon ba. Ya ce, "Malama, duba ƙasan shafin da kike riƙe da shi. Akwai kalmar da aka manta, aka rubuta ta da hannu a gefe da shuɗin tawada. Kalmar 'gumi' ce. Kuma ki duba haruffa masu ƙugiya. Tafiretar ofishin ta Turawa ce, ba ta da su. Da alƙalami na bi kowane kwafi ina sa musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu na yi ina yi."

Na duba. Kalmar tana nan a gefe, inda na saba ganinta tun ina shekara shida. Ƙugiyoyin suna nan, shuɗaye, kowace da ɗan karkacewarta. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da zanen cocina, a gaban dattawa.

Tsohon ya ci gaba a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce a bayan tasha aka haife shi, nan aka haifi ubansa. Akawu ne shi a lokacin, yana da shekara talatin. Da aka gane tafiretar, aka kama shi, aka kore shi daga aiki, ya yi shekara biyu a tsare. Ya ɗaga hannun nan mai karkatattun yatsu, ya sauke. Ya ce babana ne yake ɗaukar takardun cikin kwandon citta yana kai wa ƙauyuka, kuma duk bulalar da aka yi masa bai faɗi sunan kowa ba. Da shi tsohon ya fito babu aiki, ga mata ga yara, babana ya kai shi bakin rafi ya ce ya noma.

Mai unguwa ya ce, "Shekara ashirin muna tare, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Turawa ne suka tafi. Waɗanda suka sa aka karya mini hannu suna nan, wasunsu ma sun ƙara girma. Ni da marigayi muka yi alkawari mu yi shiru."

Na juya na dubi Baba Ƙarami, ina tsammanin in ga abin da ke fuskata a tasa. Ban gani ba. Yana zaune yana kaɗa ƙafa, yana kallon ƙasa. Da yarenmu na tambaye shi, a gaban kowa, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Baba, ka sani?"

Ya ce, "Na sani mana. Ni nake riƙe musu fitila. To sai me? Takarda za mu ci?"

Wannan ya fi na farko dukana. Ya san wanda ya rubuta, ya zo har makaranta ya ɗauko ni in karanta wa mutumin maganarsa a fuska. Ya lissafa cewa tsohon zai cika alkawarinsa ya yi shiru kamar yadda ya saba.

Dattawa suka shiga magana ƙasa-ƙasa. Wasu suka ce kyautar marigayi ba ta tashi, wasu suka ce aro aro ne. Kafin su kai ga matsaya tsohon ya miƙe, ya kaɗe buhunsa. Ya ce a bar shi ya girbe dawar da ke ciki, bayan nan ya bar gonar. Ya ce ba zai noma wurin da sai an yi shari'a a kansa da 'ya'yan amininsa ba. Ya sa takalmi, ya yi sallama, ya tura kekensa har bakin hanya kafin ya hau.

Haka kuwa aka yi. Ya girbe dawarsa, da damina ta zagayo Baba Ƙarami ya shuka citta. Na yi magana, Mama ta yi magana, aka ce mana mace ba ta da baki a zancen gona. Na yi shekara ban taka gidan Baba Ƙarami ba.

Bayan zaman dattawan, sai da na yi mako shida kafin na iya zuwa rumfar tsohon. Sau biyu ina kaiwa layin maɗinka in juya. A karo na uku na same shi ya kwance kan wani keken ɗinki, ƙananan kusoshi a jere cikin murfin kwano. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara.

Ya ce, "Tashi, 'yata, ƙasan akwai mai." Ya turo mini kujera. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Tambayata ya yi ko na zo da takardar. Ya ce rabonsa da ganinta tun ranar da aka kama shi, don matarsa ta ƙone duk sauran.

Na ba shi. Ya goge hannu da tsumma, ya sa tabarau, ya karanta daga farko har ƙarshe, wanda ya kawo keken gyara yana tsaye yana jira. Da ya gama ya ce, "Yaro ne ya rubuta wannan. Yawancinta har gobe ina kanta. Amma kalmar nan, baƙo, na zaɓe ta ne don ta yi zafi. Wani abokina ya ce in canza, wata rana za ta ƙone wanda ba a nufa ba. Na ce masa shi matsoraci ne." Ya yi 'yar dariya, ya miƙo mini. Na ce ya riƙe, tasa ce. Ya ce a'a, babana ya biya kuɗinta da bayansa.

Bayan nan nakan tsaya a rumfarsa in na shiga kasuwa. Ba ya son zancen da. Ya fi son ya ji me nake koya wa yara, da ko suna gane lissafi. Na roƙe shi ya bar ni in rubuta labarinsa, ya ce in bari sai ba ya nan, kuma ko a lokacin kada in sa suna.

Shekara biyu bayan haka aka mayar da ni Kauru. Ina can Mama ta aiko direban wata bas ya gaya mini tsohon ya rasu, har an yi kwana biyar. Na zo ta'aziyya ranar Asabar. Gidan yana bayan tasha, ɗakuna uku, mata zaune a tsakar gida a kan tabarmi. Ban san kowa ba. Na yi gaisuwa na raɓe daga gefe.

Wata mata da za ta girme ni kaɗan, babbar 'yarsa, ta yi ta kallona. Can ta ce, "Ke ce malamar da ta yi karatu a gaban dattawa?"

Na ce, "Ni ce."

Na fara neman takalmina da ido. Sai ta matsa, ta ja gefen zanenta daga kan tabarma, ta ce wa wata yarinya ta kawo wa Malama ruwa. Na zauna kusa da ita har aka kira la'asar, sa'an nan na tafi tasha neman mota.