Turmin Kubura a Jirgin Malam Siddiƙu

Duk wanda ya saba bin bakin gulbi ta wajen Diggi, a ƙasar Kalgo, ya san jirgin nan mai babbar riga. Jirgin katako ne dogo, da rumfar zana a tsakiya, da doguwar gora a tsaye wadda aka ɗaura wa wani makeken ƙyalle na buhunan shinkafa da aka harhaɗa da ɗinki. In iska ta cika ƙyallen sai ka ga jirgi na tafiya, ba inji, ba mai tuƙi da filafili, mai shi kuwa yana zaune a baya da carbi a hannu, hankalinsa kwance. Shi ne Malam Siddiƙu Tela, mutumin Gwandu. In ka tambaye shi ina gida, ƙarƙashin ƙafarsa zai nuna maka.

Shekara talatin da takwas ya yi a kan keken ɗinki a kasuwar Gwandu. Gidansu gidan malamai ne, amma shi allura ta fi alƙalami kama masa hannu, kuma an san shi da aikin wuyan riga har Jega. Uwarsa ce 'yar Diggi, ɗiyar masunta. Yana yaro, in an gama girbi takan kai shi wurin kawunnansa, su saka shi a jirgi su yi ta yawo da shi. Abin nan bai taɓa fita daga ransa ba, ya dai danne shi ne kamar yadda ake danne abubuwa da yawa in iyali sun zo.

Da ya kai sittin sai zare ya fara ƙin shiga allura. An ba shi tabarau, bai hana ba. Ya koma zaman zaure, kowa ya wuce sai ya ce, "Malam, ya jiki?" alhali lafiyarsa lau, ko mura ba ya yi. Kai, wannan gaisuwa ta ci masa rai! Wata rana ya je ta'aziyya Diggi, ya tarar da wani tsohon jirgin dakon albasa kwance cikin laka a bayan gidan taubashinsa Umaru. Ya zagaya shi sau uku, ya tuna jiragen da ya taɓa gani a Yawuri suna tafiya da ƙyallen buhu. Ya ce, "Taubashi, ka ba ni wanga gawa, in ba ka kekena." Umaru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ko kyauta ya ɗauka, amma tunda tela ya haukace, a kawo keken. Ɗinkin buhu da basilla ba ya son kaifin ido. Cikin sati uku Siddiƙu ya ɗinka wa jirgi rigarsa, masassaƙa suka canza katakan da suka ruɓe, aka tura shi ruwa.

A Gwandu kuwa magana ta tashi. Wasu suka ce ya taɓu, wasu suka ce mutanen ruwa ne suka kira shi. Ko a jikinsa. Magana ɗaya ce ta tsaya masa a wuya, ita ce ta matarsa Kubura, wadda suka shekara talatin da shida tare ba su taɓa raba kwano ba. Ranar da ya ce ta zo su koma jirgi, kallonsa ta yi daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Malam, ni ba kifi ba ce. A tudu aka haife ni, a tudu za a rufe ni. In ka gama wasan yaran naka, ƙofa a buɗe take."

Bai sake roƙonta ba, don ya san halin kayarsa. Ya tafi shi kaɗai.

Kuma gaskiya, zaman ya karɓe shi. Da safe ya ɗebi ruwa daga gefen jirgi ya yi alwala, ya duba inda gabas ta koma, tunda jirgi ba ya kwana inda ya fuskanta jiya. Ya jefa 'yar komarsa ya kama abin miya. Da damina, in fadama ta cika, manoma su kira shi ya tsallakar musu da taki da iri, da kaka ya kwaso musu shinkafa, su zuba masa rabonsa. In rani ya yi ruwa ya ja baya, ya gangara wajen Bunza inda gulbi ke da zurfi. Masu jirgin inji su wuce shi da gudu suna masa ihu, "Tela, sai jibi!" Shi kuwa ya ɗaga musu hannu, don ba inda yake sauri zuwa. Ciwon bayan da keke ya bar masa ya tafi, ba kuma mai ce masa ya jiki.

Amma yana kewar matarsa, ba ɓoye-ɓoye. Duk Juma'a biyu yakan ɗaure jirgi a Diggi ya hau mota zuwa Gwandu da ƙunshin bandar kifi. Kubura ta karɓa ta ce yana ƙarnin ruwa, sannan ta cika masa ƙwarya da dawon furar da ta daka da hannunta. Kwana biyu furar ke yi masa. Sauran kwanakin sai furar inji ta kasuwar Kalgo, yana sha yana tsaki. Shiru-shiru ya yi ta gyara jirgin kamar mai jiran baƙo. Ya sa wa rumfa labule, ya kewaye wani lungu a baya da zana, ya shimfiɗa yashi a babban kwano ya ɗora murhu. Umaru ya ce, "Wa kake wa wanga gyara, kada?" Shi dai ya ci gaba da gyaransa. Shekara biyu aka yi a haka.

To, sai an san turmin Kubura kafin a gane abin da ya biyo baya. Na ƙirya ne, baƙi wuluk don tsufa, gadon uwarta daga Dodoru, kuma sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Ba ta taɓa ba da aronsa ba. Maƙwabciyar da ke so ta zo ta daka a nan tsakar gida ta tafi. Lokacin da suka tashi daga gidan gado zuwa nasu, turmin aka fara kaiwa, ya kwana can shi kaɗai kafin gado da tukwane. Ita a wurinta garin inji ƙarfe yake ɗanɗanawa, kuma ba ta ci.

Wata Laraba bayan girbi, ruwa bai riga ya janye ba, autarsu Hafiza mai koyarwa a Gwandu ta kira shi a waya. Ta ce, "Baba, gobe da hantsi ka tsaya mashigar Diggi. Inna na tafe. Ta ce kwana uku kawai za ta yi, ta ga abin da ya raba ka da mutane." Bawan Allah ya wanke jirgin nan sau biyu, har rigar buhun ya sauke ya wanke.

Da hantsi sai ga a-kori-kura ta tsaya. Kubura ta sauko da 'yar jakarta, a bayan motar kuwa ga turmi zaune, da taɓarya, da rabin buhun gero. Ta ce, "Mi kake kallo? Ko kwana ɗaya ne ba ni cin garin inji." Umaru da wasu masunta biyu suka ɗora shi a jirgi suna nishi. Ita ma aka riƙe ta ta shiga, idonta a rufe, tana salati da ƙarfi. Siddiƙu ya saki ƙyalle, iska ta ɗauke su a hankali. Can ta buɗe ido ɗaya, ta ga farin balbela a kan ciyawa, ta buɗe ɗayan. Ba ta ce da kyau ba, amma ba ta ce a mayar da ita ba.

Yanzu fa, duk matan masunta a bakin gaɓa suke daka. Abu ne da ko yarinyar goye ta sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa. Umaru ya ɗauka kowa ya sani. Siddiƙu kuwa, duk shekara biyunsa a ruwa, ɗan tudu ne, bai taɓa zama da turmi a jirgi ba.

Washegari da safe suna tsaye a tsakiyar gulbi, yana gaba yana ɗinke wani wuri da ya yage a ƙyalle, sai ya ji dum, dum, dum a bayansa. Kubura ce ta gyara ɗaurin zane ta kama surfe, har tana cilla taɓarya sama tana tafi kamar a tsakar gidanta. Jirgi na rawa da kowane bugu, shi kuwa ko a ransa. Ajiye basilla ya yi ya lumshe ido, don shekara biyu ke nan yana son jin wannan ƙara a nan wurin. Daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla.

Sai ƙas! Katakon da ke ƙarƙashin turmi ya tsage, ruwa ya yi tsiri ta tsagar.

Kubura ta saki taɓarya ta ƙwala salati. Siddiƙu ya cusa buhu a tsagar ya taka da ƙafa, ya miƙa mata ƙwarya ya ce, "Kwashe, Kubura, kwashe ki zubar!" Ya ja igiya da hannu ɗaya. Allah ya taimaka akwai iska, ƙyalle ya cika, jirgi ya ja jiki da ƙyar har ya dafe wani tudun yashi kusa da mashiga. Gero ya jiƙe, tabarmi sun jiƙe, ita kanta ta jiƙe har ƙugu. Ta zauna a kan yashi tana matse zanenta.

Kafin ka ce me, masunta sun taru. Da suka ga turmi, suka ga tsaga, sai dariya ta ɓarke. Umaru har da zama a ƙasa. Ya ce, "Taubashi, wa ke daka cikin jirgi? Ku mutanen Gwandu, karatu ya yi muku yawa!" Kubura ta ja mayafi ta rufe fuska. Mace mai jikoki, wadda ba a taɓa yi wa dariya a kan aikin gida ba, yau ga ta a gaban ƙarti. Siddiƙu ya ga haka, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ku yi da ni. Ina zaune ta fara, ina ji, kuma wallahi daɗi nake ji. In da wanda bai san ruwa ba a nan, ni ne." Dariyar ta lafa, amma abin ya riga ya faru.

Kwana biyu aka yi ana gyara, da sabon katako da tsumma da kwalta. Kubura ta sauka gidan Umaru wurin matarsa Hajara, ba ta ko leƙo bakin ruwa in mijinta yana nan. Siddiƙu na buga ƙusa yana zagin kansa. Shekara biyu yana jiran ta, ta zo, ya bari ruwa ya kunyata ta a kwana ɗaya. Rana ta uku ta ce kwanakinta sun cika. Ya raka ta bakin hanya, ya riƙe mata jaka har mota ta zo. Ya miƙa mata jakar ya ce ta gai da gida. Ita ma "sai an kwana biyu" kawai ta ce, ta shige.

Ya biya masallaci ya yi azahar, ya daɗe zaune, sannan ya koma jirgi yana jan ƙafa. A ransa ya gama shawara: in ya kai wa mutane shinkafar da ya yi alkawari, zai mayar wa Umaru jirginsa ya koma zauren Gwandu a ci gaba da ce masa ya jiki. Ruwa da daɗi, amma ba zai ƙarasa tsufansa yana shan furar inji shi kaɗai ba.

Yana ɗaga labulen rumfa sai ya tsaya cak. Ga turmi kwance a cikin jirgi, an yi masa shimfiɗa da buhuna ninki huɗu, an ɗaure shi tam a jikin katakon gefe da yagen tsohon zanen da ya sani sarai, shi ya saya mata shi shekarar da aka haifi Hafiza. Ga taɓarya a gefensa, ita ma a ɗaure. Hajara na wanki a bakin ruwa, ta ce, "Tun da safe kana wurin masassaƙa ta sa aka shigar da shi. Jiya kuwa wuni ta yi tana tambayata inda ƙasa ke da tauri a gaɓar nan, har Bunza sai da na lissafa mata."

Ya ciro waya ya kira Hafiza. Ya ce, "Innarki ta manta turminta."

Hafiza ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Haba Baba! Inna ce za ta manta turmi? Ga ta nan ko hutawa ba ta yi ba, tana ɗaure tukwane. Ta ce in faɗa maka ka samo katako mai faɗi na gangarar da shi, ba za ta yarda ƙartin nan masu dariya su sake taɓa mata shi ba."

Siddiƙu ya zauna a kan turmin nan ya yi kuka, da girmansa da furfurarsa, Hajara na ji tana yi kamar ba ta ji ba.

Shekara uku ke nan yanzu. Kullum da hantsi, duk inda suke, jirgi mai babbar riga zai raɓa gaɓa, a jingina katako, tsofaffi biyu su mirgino turmi ƙasa suna gardamar wa ke sakin nasa gefen. Ta yi dakanta a tudu, shi yana zaune a bakin jirgi yana ji, sannan su mirgina shi ya koma. Siddiƙu ya ce tun da turmin ya zauna a cikinsa jirgin ya daina karkata in iska ta yi ƙarfi, Umaru ya ce ƙaryar tela ce. Har yau Kubura ba ta taɓa cewa ruwa da daɗi ba. In matan Gwandu suka kira ta a waya suka ce yaushe za ta dawo gida, sai ta ce, "Kwana uku na zo yi. Ku bari in gama dakan tukuna."