Lokacin da Aka Hana Ni Cewa Sannu

Mijina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, ƙaton da ke kayar da bijimi hularsa ba ta karkace ba. Amma a nuna masa allurar likita, sai ya nemi hanyar gudu. Muna zaune a unguwar Adjamé, can ƙasar kurmi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka ce duk mai sayar da nama sai ya yi allurar rigakafi an buga masa hatimi a kati, in ba haka ba a ɗauke teburinsa daga kasuwa. Teburin nan kuwa shi ne cinmu da shanmu.

Ya je asibiti a Treichville, unguwar da ke hayin gada, ya hangi ana tafasa allurai, ya ari ta kare har ya bar takalmi ɗaya. Da ya sake yin haka, sai aka haɗa mu da wata Madam, asistan sosiyal, wato matar da aikinta shiga gidaje ta gyara abin da magani ba ya gyarawa. Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci, muka haɗu a yaren Jula. Ta ce tsoro ba a fizge shi da ƙarfi, sabo ake yi da shi, "doni-doni", wato kaɗan-kaɗan. Yau ya tsaya bakin ƙofar asibitin, gobe ya zauna a benci, wata rana ya riƙe allurar da hannunsa. Duk matakin da ya ci a yaba masa, a ba shi abin da ransa ke so.

Ya kai benci, sai ya cije. Kullum daga benci sai gida, wa'adin da aka ba mahauta kuma yana ƙaratowa.

Ran nan Madam ta biyo shi har tsakar gidanmu. Ta tarar da shi kishingiɗe a tabarma ina masa fifita. Maƙwabciyata Bajula ta kawo kunu, wata 'yar ƙabilar Baule ta kawo aceke, dambunsu na rogo, da soyayyen kifi, ni na dafa farfesun kai, abokan sana'arsa kuma sun yi layi, wannan sannu, wancan Allah ya kiyaye gaba.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni, "Gudowa ya yi, ko haihuwa ya yi?"

Ta ce mu ne muke kiwon tsoron, domin gudun muke ba lada. Daga yau in ya gudo, abincin kullum kawai, kuma ba sannu.

Na ce, "Madam, farfesu kam a bari. Amma mutum ya shigo gidansa yana haki, a ƙi ce masa sannu? Ai ko baƙo ba a yi wa haka."

Ta ce in zaɓa, sannu ko tebur.

Wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Ya shigo ya yi nishi, ina tankaɗe. Ya ƙara nishi, na ƙara gari a rariya. Bajular nan da ta kasa daurewa sai ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Ke, lafiya? Mutuwa aka yi?" Na ce lafiya lau, maigida, ga tuwo nan. Ya yi fushi, ni kuma na yi kuka a bayan ɗaki, don ina son mutumin nan.

Da sauran kwana kaɗan wa'adi ya cika, da sassafe ya ce in ɗauko mayafina. Muka haye gada, muka isa asibitin. Ya wuce benci, ya naɗe hannun riga da kansa, yana ta salati da ƙarfi. Aka yi allurar, ya dubi wurin, ya ce, "Shi ke nan?" Sai ya sulale ƙasa a sume.

Yana kwance aka buga hatimin. Na durƙusa a kansa ina ta jera masa sannun da na tara, shi kuwa ko ɗaya bai ji ba.