Albasa Biyu a Ofishin Ɗakunan Ɗalibai

Da na samu jami'a a Sakkwato, na gaya wa Baba ta intanet ake neman ɗakin kwana. Ya ce ba a roƙon masauki ba a gaida mai gida ba. Ya ɗauko buhun albasa tun daga garinmu Rara, muka shiga ofis, kunya kamar ta kashe ni.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, mi ke tahe da ku?" Ya yi bayani, ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni gaban kwamfutarta na cike fom. Ta ce doka ta hana karɓar buhun, amma ta zaɓi albasa biyu, ta yaba noman.

Yanzu na manta lambar ɗakin da aka ba ni. Ban manta Baba ya fito da mutuncinsa ba.