Ƙullin da Aka Aiki Ƙanena da Shi Adabka

Tun ranar da mutumin nan ya fara zama rumfar mai shayi a bakin tashar Anka, raina bai kwanta da shi ba. Wai ɗan kasuwa ne, gero yake saye. Ni kuwa tun ina budurwa nake awon gero a kasuwar nan, ban taɓa ganin mai sayen hatsin da ba ya cusa hannu cikin buhu ba. Shi sai tambaya: wa ke zuwa Dareta, wa ke kai wa masu haƙar zinariya kaya?

Na ja kunnen ƙanena, ɗan kabu-kabu ne, na ce, "Kai, ka kiyayi mutumin ga." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke ko liman ba ki bari ba." Wawa! Ba a jima ba mutumin ya miƙa masa ƙulli cikin baƙar leda, wai maganin ciwon baya ne, a kai wa tsohonsa Adabka. A wajenmu mai babur ba ya kwance saƙon mutum, abin kunya ne. Ya ɗaure a bayan babur ya kama hanya.

Bai yi nisa da gari ba 'yan sanda suka tare shi. Babura nawa suka wuce gabansa, ba a tsayar da ko ɗaya ba. Ba su nemi takarda ba, ba su taɓa aljihunsa ba, kai tsaye ledar suka nufa. Ƙwayar tiramol ce maƙil.

Na kai Inna, mahaifiyarmu, wurin lauya a Gusau. Ya ce doka ba ta yarda a caje mutum haka kawai ba, sai da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Na ce to mi ad dalilinsu? Ya ce wai wani jami'insu na farin kaya ne ya tsegunta musu. Shi kansa lauyan ban gama yarda da shi ba, yana magana yana latsa waya. Na ce, "Wato su ɗora maka kaya da hannunsu, su zagaya gaba su tare ka, shi ke nan an samu dalili?" Ya ce a kan nan za a fafata a kotu, amma beli sai a hankali.

Da muka miƙe za mu tafi, sai Inna ta tsaya. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ɗana, shi wanda ya ba shi ƙullin, ɗaki guda aka kulle su? Kada ya cuce shi a ciki."

Lauyan ya ce, "Inna, ai shi ne shaidar gwamnati."