Kaɗanyar Inna

A gonarmu ta hanyar Auna kaɗanya ɗaya ce ta rage, sauran duk sun bar Kontagora cikin buhunan gawayi. Tun rasuwar mahaifinmu gonar ta koma hannun ƙaninsa, Baffa, amma ƙwarar kaɗe ta Inna ce. Da man bishiyar nan ta aurar da mu.

Sai damina ta fara raina mana hankali, ta zo a makare, ta tafi dawa ba ta nuna ba. Zafin bazara ya riƙa ƙone fure, ga babu sauran itatuwan da za su tare iska. Shekara da shekaru abin da Inna ke tsinta ba ya cika ƙwarya.

Ranar da Baffa ya kawo masu gawayi, ina gonar da goyona. Inna ta fizge gatari daga hannun ɗayansu, ta maka masa ƙota a goshi, jini ya wanke masa fuska. Abokinsa ya hankaɗe ta kan kututture. Ni kuwa na gantsara masa cizo a dantse har sai da ya yi ihu. Har gobe ban yi nadama ba.

"Yaya, kin haukace ne?" in ji Baffa.

"Ka ba kaɗanyar damina ɗaya," Inna ta ce tana haki. "In ba ta haihu ba, ni zan kunna musu wutar."

A wajenmu, mangwaron da ya ƙi 'ya'ya sassara jikinsa ake yi, wai ya tsorata ya haihu. Washegari Inna ta ɗauki gatari ta nufi kaɗanyar. Tana sara tana zaginta da yarenta na Kambarci, fushin jiya duk yana hannunta, farin ƙaro na tsiyaya. Sara biyu ko uku ake yi. Ita sai da ta kewaye gindin kaf, ɓawon ya rabu, daidai yadda masu gawayi ke kashe itace.

Damina ta zo ta wuce, ganye ya zube, bai sake fitowa ba. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na lokacin ba.

Da masu gawayi suka sare ta, aka jera itacen aka rufe da ƙasa, Inna ta miƙa hannu aka ba ta ashana. Baffa ya aiko mata da buhun gawayin guda. Yana nan a ɗakinta, ba ta taɓa girki da shi ba.