Rigar da Gwaggo Ta Saƙa wa Kwamfutata

Ka taɓa ganin kwamfuta sanye da rigar ulu? Ni na gani, a ɗakina.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ba ta iya ganin abu tsirara ta kau da kai. Tun da ta dawo zama da mu, rimot ya samu riga, filas ya samu hula, har agogon bango bai tsira ba. Na ƙirga abubuwan da kwarashinta ya tufatar a gidan nan: sha tara. Ba ta sayarwa. In dai tana sonka, kayanka za su ji ɗumi.

Ni kuwa aikina kulle bayanai ne. Wani ɗakin gwajin jini ke ba ni fayilolin marasa lafiya, in mayar da su sirrin da ba mai karantawa sai mai mabuɗi. Ranar nan suka ce in gama kafin a tashi aiki, ko su nemi wani.

Na kunna kwamfutar. Da farko tana kulle bayanai masu nauyin megabait ɗari huɗu a daƙiƙa, kamar kullum. Can sai ta faɗo tamanin. A haka kam sai gobe. Na duba firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na ga gudunta ya sauko ƙasa da rabi. Na zaci tsarin tattalin wuta ne, na mayar da shi cikakken ƙarfi. A banza. Na kashe na sake kunnawa, ta zabura, ta kuma langaɓewa. Sai na tuna firosesa in ta ji zafi da kanta take rage gudu, don kada ta ƙone.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ga akwatin kwamfutar zaune cikin shuɗiyar riga, har da tuntu, duk kafofin iska a toshe.

"Gwaggo! Wa ya yi wa wannan kwalliya?"

Ta leƙo da kwarashi a hannu. "Ai ka gani kenan, Sarkin Lissafi. Ni da na ɗauka ba ka lura ba."

"Gwaggo, zazzaɓi kika sa mata."

"Zazzaɓi? Kullum ina jin ta tana nishi, na ce sanyin siminti ne."

"Fanka ce, numfashi take."

Ta durƙusa, ta ɗora mata bayan hannu kamar goshin jika. "Wayyo, baiwar Allah! Kai ma ka zuba mata ido tana dahuwa?"

Da kanta ta tuɓe rigar, ta jawo fankar ɗakinta ta saita. Ina kallo lambobi suka dinga hawa har suka koma ɗari huɗu. Na tura aikin da sauran rana.

Gwaggo ba ta yi fushi ba, ba ta kuma daddara ba. Ta warware ulun, ta sake saƙa wata rigar mai tagogi gaba da baya, ta sa na auna. Gudu bai ragu ba ko kaɗan. Abu na ashirin kenan.

In taka kwamfutar ta fara da gudu sannan ta karaya, kafin ka zarge ta, taɓa jikinta, ka buɗe mata hanyar iska, ka sake aunawa. Don Allah gwada yau.