Gidan Filtar da Muka Aro a Toranke

A shekarun da nake sarin gyaɗa a kasuwar Ajingi ina kawowa Gaya, da wata tsohuwar mota mai shan dizal nake yawo. Ba ta da kyan gani, amma tana da haƙurin kaya. Wata rana cikin damina ina dawowa daga kasuwa, warin dizal ya cika min hanci, motar ta fara tari tana jan jiki. Da ƙyar ta kai ni bakin garejin kawuna, nan ta mutu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, bakanike, mutum marar yawan magana. Ya ɗaga bonet, ya shafa nan ya shafa can, sannan ya nuna min gidan filta, wato ƙarfen nan da ke riƙe da filtar da ke tace mai kafin ya shiga inji, mai ɗan famfon hannu a samansa. Ya tsage daga gindin noti.

"Yana zubar da mai, yana kuma shan iska," in ji Kawu. "Injin dizal ba ya shiri da iska. Gam ba zai riƙe wannan ba."

Ya kira mutanensa na Kano, suka ce irin motar ta tsufa, sai an bincika. Ni kuwa ga kasuwa tana ci. Kawu ya goge hannu da tsumma, can ya ce akwai irinta sak a wani gida a Toranke, an daɗe da jingine ta. Yadda ya faɗi maganar, kamar ba ya son na amsa. Na ce mu je.

Washegari da safe muka hau babur ɗinsa. An kwana ana ruwa, garin ya yi luf, rana ba ta fito ba, sanyi na ratsa riga. A hanya ne ya ba ni labarin gidan. Kakanninsu daga Barno suka zo tun da daɗewa, suka zauna suna noma da fatauci. Mai motar direba ne, yana kai kaya gabas. A tafiyarsa ta ƙarshe motarsa ba ta da batir, sai ya bi babbar motar wani. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba gawa, ba labari. Mahaifiyarsa ce a gidan, tare da 'yarta da ta dawo tana kula da ita.

'Yar ce ta amsa sallamarmu, babbar mace mai nutsuwa. Ta shigar da mu wajen tsohuwar, muka durƙusa muka gaishe ta. Tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, idonta ya fara yin yana amma kunnenta garau. Kawu ya yi mata bayani a hankali, ya ce in za a sayar mana da abu ɗaya kawai daga jikin motar.

"Ba na sayarwa ba ne, Malam," in ji ta. "Kayan mutum ne. Amma aro, ai ba ya hana aro. Ku ɗauka, in kun samu naku ku dawo masa da shi."

Na ce, "Mun gode, Iya. Allah Ya saka da alheri."

"Amin, ɗana. In za ku buɗe, ku yi sallama."

Na ɗauka maganar tsufa ce. Na kalli 'yar, ta sunkuyar da kai.

Motar tana can bayan rumbu, a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Tayoyinta sun sace sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta kewaye su. Amma gilasanta fes, kamar yanzu aka goge. Kawu ya tsaya a gabanta, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ni ma na yi ba tare da na yi niyya ba. Ya ɗaga bonet. Wajen batir fayau, wayoyinsa biyu na lilo, sun yi kore saboda daɗewa. Ya miƙa hannu zai kama gidan filtar, sai ya janye da sauri. Ya sake ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya bar shi a nan.

"Zo ka taɓa nan," ya ce.

Na taɓa. Da ɗumi. Ba zafin injin da ya yi tafiya ba, ɗumi ne irin na shimfiɗar da mutum ya tashi daga kai yanzu. Na taɓa ƙarfen rumfar, sanyi ƙalau. Na taɓa murfin bonet ɗin, shi ma sanyi.

"Ƙila kaza ce ke kwanciya a ciki, Kawu."

Ya leƙa ƙasa, ya leƙa gefe. Babu gashin kaza, babu kashi, babu sheƙar ɓera. Ya ɗauko sifana ya kwance tiyo na farko, mai ya zubo masa a yatsu. Dizal in ya shekara a mota yakan yi duhu, ya yi kauri, ya yi wani wari na daban. Wannan kuwa garau yake, kamar yau aka zuba. Kawu ya shinshina yatsunsa, ya goge a wando, ya ci gaba da aiki da saurin da ban san shi da shi ba. Ya kwance notuka, ya ciro gidan filtar, ya toshe bakin tiyoyin da leda.

Da muka koma yi wa Iya sallama, kafin mu ce komai ta ce, "Kun ji ta da ɗumi ko? Haka take kullum."

A gareji Kawu ya wanke gidan filtar, ya ɗaura sabuwar filta bayan ya cika ta da mai, ya ɗora shi a motata, ya maida tiyoyi ya ɗaure. Ya sassauta ɗan notin fitar da iska, ya ce na danna famfon. Da na ɗora babban yatsana sai na ji ya zauna daidai cikin wani ɗan kwarmi da yatsan wani ya riga ya cinye a kan robar. Na yi ta dannawa, kumfa na fita, har mai ya fara zuwa shi kaɗai. Ya ɗaure notin. Na murɗa makulli, ta ɗan yi gardama, sannan ta tashi. Tunda na saye ta ban taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba.

Na ci kasuwa da ita lafiya lau, har na fara mance zancen. Sai wata Juma'a, ranar da ban taɓa ta ba tun safe, na dawo daga masallaci a ƙafa, matata ta tare ni a tsakar gida.

"Ashe ba ka tafi masallacin da wuri ba?"

Na ce tun kafin huɗuba ina can.

"To wa na gani a mota? Na leƙa ƙofar gida zan zubar da ruwa, na ga mutum a zaune wajen direba, ya jingina kai kamar mai hutawa. Har na ce sannu, ba ka amsa ba."

Makullin yana aljihuna. Na fita na duba, ƙofofi duk a kulle. Na buɗe na shiga, sai na ji ƙafata ba ta kai kan totur. Ni gajere ne, kujerata kullum a matse take gaba. An ja ta baya har ƙarshe. Na sauko na zagaya, na ɗaga bonet a tsakiyar rana, mutane na wucewa suna gaishe ni ina amsawa, na ɗora hannu a kan gidan filtar. Ɗumin nan na Toranke na ji, ban daɗe ba na cire hannun. Na rufe, na shiga gida, ban iya cin abinci ba.

Da gari ya waye na hau bas zuwa Kano. Na yini ina bin rumfunan masu kayan mota a Ƙofar Ruwa, har wani dattijo ya zaƙulo min ɗaya daga ƙasan tarkace. Ban tsaya ciniki ba. Da na kai wa Kawu, bai tambaye ni dalilin gaggawar ba. Ya cire na aron, ya sa nawa, ya naɗe wancan a tsumma mai tsabta, muka nufi Toranke.

Iya ta rame. Tana kwance a ɗaki, 'yarta ta ce tun bayan tafiyarmu ba ta cin abincin kirki, ba ta kuma fitowa tsakar gida. Da ta ji muryarmu ta yunƙura ta zauna.

"Kun dawo da shi? Gidan ya yi shiru da yawa."

Muka je rumfar. A wannan karon injin sanyi ƙalau, har raɓa ta kwanta a kansa. Kawu ya maida gidan filtar, ya ɗaure kowane noti kamar motar da za ta hau titi gobe. Ya rufe bonet a hankali da hannu biyu, bai sake taɓa injin ba, ni ma ban taɓa ba.

'Yar ta rako mu har zaure. Nan ta tsaya ta ce, "Ni nake goge gilasan, don Iya ta ji daɗi. Amma wallahi ban taɓa zuba wa motar mai ba. Na sha tambayar kaina daga ina yake zuwa." Sannan ta ce mu gaida gida. Muna tura babur muka jiyo Iya daga ciki tana kiranta, tana cewa a ɗora mata kunu.

Bayan kaka ta wuce muka ji rasuwar Iya. Ni da Kawu muka je ta'aziyya, muka zauna a ƙofar gida cikin maza, aka yi addu'a. Wani daga cikin dangi ya matso kusa da Kawu, ya tambaye shi ko zai samo musu mai sayen tsohuwar mota, ko da masu gwangwan ne. Kawu ya ce shi gyara kawai ya iya, su nemi wani. Muka shafa fatiha, muka tashi.